Zaman Hausawa a Birnin Tonawa

Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi da zango. Wuri ne da ayari ke yada kaya idan rana ta yi, a sauke wa jakuna mangala, a ɗora girki, a kwana ɗaya ko biyu, gari na wayewa madugu ya ce a ɗaura, a bar toka da kashin dabbobi a yi gaba. Ba wanda ke dasa bishiya a zango. To amma akwai wani zango a birnin Kumasi ta ƙasar Gana da aka sauke kaya a cikinsa yau fiye da shekara 120, har yanzu ba a ɗaura ba. An haihu a cikinsa, an yi jikoki da tattaɓa-kunne, an cika maƙabarta, amma sunan yana nan yadda yake. Labarin yadda kakanninmu suka koyi zama a wannan birni nake so mu ɗan duba, domin ni dai ban san wani wuri da Bahaushe ya tarar da al'adun da suka yi hannun riga da nasa kamar can ba, kuma ya zauna.

Goro ne mafarin zancen. Bishiyarsa a kurmin Asante take, masu cinsa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno. Mutanen Asante su ne kakanninmu ke kira Tonawa, kuma Kumasi ita ce fadar babban sarkinsu, Asantehene. Fataken Kano da Katsina da Zamfara, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kan haɗa ayari da kanwa da turkuɗi da jan fata da gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Zugu da Yandi har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Shi ya sa har gobe muke cewa goron Gwanja, alhali ko bishiya ɗaya ta goro ba Gwanja ce ta raine ta ba, kasuwar ce kawai a can.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a mafi yawan ƙarni na 19 fataken nan ba sa shiga Kumasi. Hukumar Asante ta tsayar da su a Salaga, Tonawa su ɗauko goron a ka su kai musu can. Ga kuma kurmin kansa, wanda ƙudan tsando ke kashe jaki da doki a cikinsa. Duk da haka akwai Musulmi 'yan kaɗan a birnin tun da wuri. Wani Baturen Ingila mai suna Bowdich ya je Kumasi a 1817, wani kuma mai suna Dupuis ya biyo baya a 1820, dukansu sun tarar da malamai a fadar Sarki Osei Bonsu, shugabansu Muhammadu al-Gamba wanda ake kira Baba. Yawancinsu mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Wangarawa. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi masa layu, har rigar yaƙin sarakunan Asante ma layu ne jere a jikinta tun daga wuya har ƙasa. Su kuma an bar su da sallarsu da azuminsu. Ka tuna lokacin nan ba a daɗe da jihadin 1804 ba a ƙasar Hausa, ana tsananin ƙyamar zama ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba. Malaman Wangarawa kuwa suna bin koyarwar Alhaji Salim Suwari, wadda ta yarda Musulmi ya zauna lafiya cikin waɗanda ba Musulmi ba muddin ba a hana shi addininsa, ya kyautata hali, ya bar shiriya a hannun Allah. A ganina wannan ita ce tabarmar da Hausawan da suka zo daga baya suka tarar a shimfiɗe, suka hau, ko sun san mai saƙarta ko ba su sani ba.

Ƙofa ta buɗe ne da bakin bindiga. A 1874 sojan Ingila suka ci Kumasi suka sa mata wuta, kuma cikin rundunar da ta yi wannan yaƙi har da dakarun da ake kira Hausawan Gulba, wato waɗanda Kyaftin Glover ya ɗiba a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo. Salaga ta yi amfani da wannan dama ta ɓalle daga Asante, Tonawa kuma suka yi fushi suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo, kasuwar Salaga ta fara mutuwa a tsaye. A 1892 rikicin sarauta ya ƙarasa ta, baƙi suka watse. Cikin waɗanda suka bar garin har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya koma Kete Karaci ya zauna har rasuwarsa a 1934. A 1896 Turawa suka sake shiga Kumasi, suka kama Sarki Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasar, suka gina ganuwar soja a tsakiyar gari suka zuba sojan Hausa a ciki. A 1900 Gwamna Hodgson ya yi katoɓarar neman a kawo masa Kujerar Zinariya ya hau, kujerar da ko Asantehene ba ya zama a kanta domin a wurinsu ran al'ummar ne a ciki. Yaƙi ya ɓarke ƙarƙashin wata sarauniya, Yaa Asantewaa, aka yi wa ganuwar ƙawanya wata da watanni, kuma masu harbi daga ciki akasarinsu sojan nan ne da ake kira Hausa.

Na tsaya a kan wannan ne don mai karatu ya gane da wace fuska aka fara kallonmu a garin. Bafatake mai neman halalinsa ya shigo ne a inuwar wanda ya ƙone gidan masu gari. Filin da aka yanka wa baƙi ma Bature ne ya yanka, don kuwa bayan yaƙin ya karɓe filayen Kumasi, sai a 1943 aka mayar wa Asantehene. Irin wannan tabo ba ya gogewa da sallama ɗaya.

To an sauka. Sai me za a ci?

Kada ka raina wannan tambaya. Mutumin da ya tashi da fura da nono da tuwon dawa ya iso ƙasar da gero ba ya yi, saniya ba ta daɗewa, ruwan sama kuma damina biyu yake yi a shekara, rigarka ba ta bushewa, gabunka na fumfuna. Abincin masu gari sakwara ce ta rogo da agade, a kirɓa ta yi sulɓi, a saka ta tsakiyar kwano a malala mata miyar kwakwar manja har ta nutse, kuma ba a tauna ta, haɗiya ake yi. Cikin miyar akwai dodon koɗi da naman dajin da ba ka san wanda ya yanka ba. Nan fa ɗaya. Matan zango su suka warware wannan matsala, kuma tarihi bai rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Suka tuƙa tuwo da masara da garin rogo, suka kaɗa miyar ayoyo. Suka dama koko da yaji da citta, suka soya ƙosai. Suka dafa shinkafa da wake da karan dafi har ta yi ja. Maza kuma suka kama fawa, domin Musulmi ba zai ci sai yankan Musulmi, shi kuwa Batone bai damu da wanda ya riƙe wuƙa ba, saboda haka cinikin nama ya faɗo hannun baƙi ba tare da an yi faɗa ba.

Abin dariya, abincin da aka ƙirƙiro don kada a mutu da yunwa a baƙon wuri shi ya zama abincin ƙasa. Yau duk faɗin Gana ana karyawa da abin da suke kira Hausa koko da ƙosai. Shinkafa da wake ta zama waakye, ana furta ta “wace”, ana bin layi a saye ta a cikin ganye. Tuwon nan kuwa sunansa tuwo zafi ko da ya huce. Su ma jikokin fataken sun koyi haɗiyar sakwara da cin dokunu da barkono, har in ka ba su tuwon dawa da miyar kuka sai su ci don kunya. Zama da maɗaukin kanwa ke nan, sai dai a nan kan kowa ya yi fari.

Gaisuwa ma sai da aka koya. Idan ka shiga taron Tonawa ba ka da ikon fara miƙa hannu ga wanda ka ga dama, ko da shi ne babba. Daga dama ake farawa a bi layi zuwa hagu. Ka zauna, a ba ka ruwa, sannan a tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da kuwa su suka aika a kira ka, kuma dole ka faɗa daga farko. Ka gama, su ma su taso su bi layi su gaishe ka. A wurinmu tambayar baƙo abin da ya kawo shi tun bai huta ba rashin ta ido ne, a wurinsu kuwa rashin tambayar ne wulaƙanci. Sarki ba a yi masa magana kai tsaye, akwai mai sanda da ake kira ociyame, shi za ka faɗa wa, ya gyara maganar ya miƙa, amsa ma ta hannunsa za ta dawo, alhali sarkin na zaune yana jin ku. Wannan bai ba Bahaushe wahala ba, wanda ya san fada ya san aikin Shamaki da Sarkin Fada. Abin da ya fi haɗari shi ne rantsuwa. Mu nan mutum kan yi wallahi goma kafin ya sayar da goro ƙwarya ɗaya. Su kuwa suna da babbar rantsuwa, wadda ke ambaton ranar da wani babban sarkinsu ya rasu a wurin yaƙi, kuma duk wanda ya furta ta a cikin gardama to magana ta bar hannunsa, ta zama shari'ar fada, da tara mai nauyi a kan wanda ya faɗi. Baƙon da ya fara tsintar yaren Tuwi a kasuwa, abu na farko da maigidansa zai ja masa kunne a kai shi ne kalmomin da ba a maimaitawa.

Na ce maigida, bari in yi bayani, don shi ne ginshiƙin zaman gaba ɗaya. Baƙo ba ya sauka a zango haka kawai, sai a gidan wani, galibi ɗan garinsu ko wanda aka yi masa kwatance tun daga gida. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da masu goro, ya yi tafinta, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, in ya yi laifi shi za a nema, in ya mutu shi zai yi masa sutura ya aika da gadonsa gida. Ladansa la'ada. A zauren maigida sabon zuwa ke koyon cewa ranar Alhamis manoman Asante ba sa taɓa ƙasa da fartanya, don haka kada ya sa ran kaya daga ƙauye. A nan zai ji cewa duk kwana 42 akwai bikin Akwasidae da sarki ke ganawa da kakanninsa. A nan zai koyi yadda ake jera goro a huhu da ganye, ana buɗewa ana tsince mai ƙwaro ana yayyafa ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai hanyar ma ta juya: goro ya bi dogo zuwa bakin teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, daga 1912 kuma ya sake hawa dogo har Kano. Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin na farkon da suka gane wannan hanya, kuma da ita ya kafa jarin da ya shiga cinikin gyaɗa da shi. Jakuna suka huta, madugai suka zama masu gidaje.

Akwai wurin da al'adun biyu suka yi kama har abin ya ba da sha'awa, wato sunan rana. Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwasi Ɗanladi, Kwame Ɗan'asabe, Ama kuwa Asabe. Ashe jarumar nan Yaa Asantewaa da a Kano aka haife ta Lami za a ce mata. Kofi Annan da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a Kumasi aka haife shi a 1938, Ɗanjuma ne. Na tabbata wannan ya sauƙaƙa raha tsakanin mai saye da mai sayarwa fiye da duk wata dokar Bature.

Amma akwai wurare biyu da aka ja daga, kuma a nan ne nake ganin ainihin labarin yake.

Na farko gado. Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi. Ɗa na dangin uwarsa ne, sarauta ta ɗakin uwa take bi, kuma a al'adarsu ta asali idan mutum ya mutu ɗan'uwansa ko ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa, 'ya'yan cikinsa su koma wurin kawunsu. Sai a 1985 gwamnatin Rawlings ta yi dokar da ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kaso mai tsoka. Ka duba yadda wannan zai faɗo a kunnen mutumin da ya haddace ayoyin rabon gado tun yana makarantar allo. Hausawa ba su karɓa ba ko na rana ɗaya, limaman zango suka ci gaba da raba gado yadda littafi ya ce. Sai dai abin ya haifar da wani lissafi mai ban mamaki a wurin aure. Idan Bahaushe ya auri 'yar Asante, ɗan da aka haifa ya ci riba biyu, dangin uba na cewa nasu ne, dangin uwa ma na cewa nasu ne, har yana iya samun haƙƙin gona a ƙauyen uwarsa. In kuwa aka juya, namijin Asante ya auri Bahaushiya, to a lissafin Tonawa ɗan na dangin uwa ne, a lissafin Hausawa na dangin uba ne, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Ko ba don wannan ba ma zango ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba ya salla. Saboda haka aure ya riƙa gudana ta gefe guda, shi ma ba da yawa ba, kuma katangar da ke tsakanin unguwa da gari ta daɗe ba ta rushe ba.

Na biyu mutuwa. Ba na jin akwai al'ummar da ta ɗauki jana'iza da girma kamar Tonawa. Ana shiri na makonni, a zamanin nan ma gawa kan yi wata da watanni a firjin asibiti kafin dangi su gama taruwa. Ranar Asabar gari ya cika da jan zane da baƙi, ga kiɗa, ga rawa, ga giya, ana shelar gudunmawar kowa da sunansa da adadin abin da ya bayar. Mu kuwa mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Su suna ganin mun yar da mamacinmu kamar wanda ba shi da kowa, mu muna ganin sun wahalar da nasu. To amma maƙwabcinka ne, abokin cinikinka ne, uwarsa ta mutu, ba ka je ba? Sai aka samo tsaka-tsaki: a je, a bi layin gaisuwa daga dama, a ba da gudunmawa a rubuta suna, a ƙi giya, a tashi kafin magariba. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi ka ɗaura, to mutanen zango sun ɗaura, amma gajeriya. Duk da haka al'adar ta bi su har gida ta bayan katanga. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wadda a can ake kira adu'a, ta kumbura ta zama babban taro da rumfuna da kujeru da anko da shelar wanda ya ba da kaza, abin da malaman zango suka daɗe suna faɗa a kai ba a ji ba.

Wani abin lura kuma, Bahaushe baƙo ne a wurin Tonawa, amma ɗan gari ne a wurin sauran baƙi. Da noman koko, wato wanda ake cakulan da shi, ya bunƙasa, sai mutanen arewa suka yi ta kwararowa neman aiki: Mosawa, Dagwamba, Farafara, Busanga, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, ga kuma Yarabawa 'yan kasuwa. Da yawa suka shiga gonaki bisa tsarin abusa, inda mai aiki ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. In sun shigo birni kuwa zango suke nufa, kuma harshen zango Hausa ne. Mutum ya zo ba ya salla, shekara biyu ka gan shi da riga da hula da sunan Musulunci, 'ya'yansa na makarantar allo. Kowace ƙabila da sarkinta, amma Sarkin Zango Bahaushe ne, kuma wannan bai yi wa kowa daɗi ba. Malam Salau Bakatsine, wanda ya hau a 1919 har Turawa suka ba shi kotu, ƙorafin sauran ƙabilu ne ya kai ga tuɓe shi a 1932.

Hausar ma ta biya kuɗin wannan cakuɗa. A bakin 'yan zango namiji da mace duk “ya” ne, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Ƙa ta zama ka, ɗa ta zama da, tsoho ya zama soho, kyau ta zama cau, wanda shi ne dalilin da wake ya zama “wace”. Mutanenmu na nan kan yi musu dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Harshen da ya yi wa ƙabila goma sha wani abu hidima a kasuwa da masallaci da barikin soja, in ya zubar da wasu kaya a hanya ai nauyi ya rage.

Sai mu zo kan abin da ya sa na ce sunan zango bai canza ba. Duk wannan sabo da aka yi, ƙasa ta masu kujera ce, wato sarakunan Asante. Baƙo na iya gina gida ya biya kuɗin fili, amma ba ya zama mai ƙasa, kuma ba ya cikin kowane dangi na uwa da zai sa a lissafa shi ɗan gari. Muddin ciniki ake yi wannan bai dami kowa ba. Da siyasa ta zo sai ya zama abin tsoro. A 1954 Musulmi suka kafa jam'iyyarsu ta MAP, reshenta na Kumasi kuma ya haɗa kai da NLM, jam'iyyar Tonawa masu adawa da Kwame Nkrumah. Wato jikokin waɗanda suka shigo a inuwar Bature sun zaɓi su tsaya tare da masu masaukinsu, wanda a ganina shi ne babbar shaidar cewa zaman ya yi daɗi. Gana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta ba da umarnin korar Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan. Suka garzaya kotu suka ce su haifaffun ƙasar ne. Ana cikin shari'a majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka rufe maganar, aka sa su a jirgi zuwa Nijeriya.

Wannan somin taɓi ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar ƙasar. Wace takarda? Mutumin da kakansa ya zo da jaki tun ba a ja iyaka ba, aka haifi ubansa a ɗakin ƙasa ba tare da wani malamin rajista ya sani ba, ina zai samo ta? Haihuwa a ƙasar kaɗai ma ba ta wadatar ba, sai an bincika inda aka haifi iyaye. Aka yi ta sayar da gidaje da rumfuna a farashin wulaƙanci, wasu suka bar wa maƙwabta ajiyar makullai, manyan motoci suka yi ta ɗiba ana kwana a kan iyaka. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, Yarabawa su ne suka fi yawa cikin 'yan Nijeriya, ga Hausawa, ga mutanen Nijar da na Bolta ta Sama wadda yanzu ake kira Burkina Faso. Karin maganar nan ta baƙo raɓa ɗan gari kaba, ranar nan ta tashi daga zancen zaure ta zama dokar gwamnati. Kuma don kada mu ɗauka mu na kirki ne, a farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta rama, ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da 'yan Gana wajen miliyan ɗaya. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kaya a ciki daga nan ta samo sunanta.

Zango bai mutu ba. Da yawa sun ɓuya har ƙura ta lafa, wasu sun koma bayan faɗuwar Busia a 1972. Unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun cika sun batse, 'ya'yansu sun yi boko, sun shiga majalisa, sun buga wa ƙasar ƙwallo. A 2017 har ma'aikata guda gwamnati ta kafa da sunan raya zangogi, ko da yake an rushe ta a 2021. Sarkin Zango kan je fadar Manhyia gaisuwa da rawaninsa da 'yan rakiyarsa, ociyame ya karɓi maganarsa ya miƙa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka dawo a 1969 ba su koma ba. An ce musu gida za su, suka sauka Kano da Sakkwato da Katsina da Tawa, garuruwan da da yawansu a bakin kaka kawai suka taɓa jin sunansu. Wasu suka tarar an raba gonar gidansu tun shekara 50 da suka wuce, ba wanda ya tuna da reshen da ya tafi Gwanja. Sanyin hunturu ya fasa musu leɓe. Yara suka shiga makaranta ana kwaikwayon maganarsu, ana ce musu 'yan Gana, su da aka koro daga Gana don an ce su Hausawa ne. Matan da suka saba da kasa kaya a kasuwar Kumasi suna ciniki da kowa suka tarar da kulle. Na san irin waɗannan gidaje a cikin birni, kuma tun muna yara muke gane su, domin da la'asar in sauran gidaje na tankaɗen garin tuwo, daga nasu sai ka jiyo ana kirɓa rogo a turmi.